Taliyar Baffa

"Buɗe bakinki."

'Yar Fara ta buɗe. Uwarta ta kama haɓarta, ta juya fuskar wajen hasken taga, ta leƙa tsakanin haƙoran kamar mai neman allura a cikin tsummoki. Ba ta ga komai ba. Ta sunsuna bakin, ba ta ji komai ba sai ƙanshin lemon da ta matsa mata da safe. Ta saki haɓar, ta fizgo jakar makaranta ta zazzage ta a kan teburin da take yanka yadi. Guntun fensir ya gangara ƙasa, murfin kwalba ya bi shi. Ta juya jakar ciki waje tana laluben ɗinkin, ko za ta dace da ɓurɓushin biskit ko ɓawon gyaɗa.

"Wa yake sam miki abinci a makaranta?"

"Ba kowa, Mama."

"Dube ni nan. Wa yake ba ki?"

"Wallahi ba kowa. Ko sun ce in ci, cewa nake na ƙoshi."

Tela mutanen layin suke ce wa uwar, don ɗakin gaba na gidan hayarsu shi ne shagonta. Yarinyar kuwa tun ranar da ta faɗo duniya ta fi iyayenta haske, gashinta ma ja-ja, shi ya sa sunan ya bi ta. Sai daga baya aka gano hasken nan ba kyau ba ne kawai, alama ce. Wani likita ne ya yi zargi tun tana jaririya, aka aika da jininta nesa, amsa ta dawo da sunan ciwo mai tsawon da har yau Tela ba ta iya faɗarsa daidai. Abin da ta riƙe shi ne bayanin: jikin 'yarta ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin furotin, abin nan mai gina jiki. In ya taru a jini, ƙwaƙwalwa yake ci, a hankali, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Don haka ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba wake, ba madara sai ta asibiti mai ɗaci. Ko burodi da taliyar alkama da kowane yaro ke ci, ita guba ne a wurinta.

Shekara bakwai Tela tana gadin bakin nan. Ba ta taɓa sakaci ba. Amma yau da safe likitar abinci ta ɗago kai daga kwamfuta ta dube ta da wani ido da ba ta saba gani ba.

"Sinadarin nan ya sake hawa a jininta. Wancan zuwan na ce ƙila mura ce, wannan karon ba ni da abin cewa. Akwai abin da ke shiga cikin yarinyar nan. Ko ba ki sani ba, ko kin sani kina ɓoye mini."

Maganar ce ta biyo Tela har gida tana mata zafi a ƙirji. Ga kuma abin da idonta ke gani: ƙuraje a gwiwar hannu, rubutun da ya fara karkacewa, fushi ba dalili, da wani wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, wanda ke tashi daga wuyan rigar yarinyar duk wankin da aka yi mata.

Ta zare tef ɗin awo daga wuyanta ta ninka shi biyu.

"Miƙo hannunki."

'Yar Fara ba ta taɓa shan duka ba. Ta miƙa hannun tana kallon uwarta, kamar tana jiran a ce wasa ne. Tef ya sauka. Ya sake sauka. Tela tana duka tana hawaye, tana tambaya ɗaya tilo, har yarinyar ta durƙushe.

"Na ci, Mama. Na ci."

"Me kika ci?"

Idanun yarinyar suka shiga yawo a bango.

"Nama."

"Wa ya ba ki?"

"Wata."

"Wace wata?"

Tela ta yar da tef ɗin, ta zauna a kujerar keken ɗinki. Ta samu abin da take nema, amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

* * *

Da rana ta ɗora tukunya. Ta yanka leda mai ruwan ganye, mai hoton yaro yana murmushi, ta zuba taliyar a ruwan zafi. Ko ba komai wannan ɗaya ce ba ta ba ta wahala.

Da can ba haka ba ne. Taliyar masu irin wannan ciwo ba da alkama ake yin ta ba, da sitacin masara da na dankali ake yi, kuma daga waje ake kawo ta. Kantin magani na asibiti kaɗai ke sayarwa, yau akwai, gobe babu, ga tsada kamar ta cire ido. Kuma duk da tsadar ba ta da wani ɗanɗano. Sai an yi lallashi, an yi waƙa, an yi alkawari, kafin 'Yar Fara ta ci rabin faranti.

Yayan mijinta ne ya raba ta da wannan wahala. Babban kantin kayan masarufi gare shi a bakin titi, kuma motarsa ta rarraba kaya ce ƙanin ke tuƙawa. Wata rana ya zo gaida mahaifiyarsu, Inna, wadda ke zaune tare da su, ya tarar ana fama da yarinyar a kan faranti. Ya ɗauki ledar ya jujjuya.

"Wannan ce ake wahalar da ku a kanta? Ku bar mini. Ina da mutane a tashar jirgin ruwa."

Ya kuwa cika alkawari. Katan-katan suka fara zuwa, leda iri ɗaya, hoto iri ɗaya, farashi ƙasa da na asibiti nesa ba kusa ba. Bayan 'yan watanni taliyar ta canza: ta yi rawaya, ta daina narkewa a tukunya. Tela ta yi masa magana, ya ce kamfanin ne ya inganta ta, ai su ma sun san yara na ƙorafi. Ranar 'Yar Fara ta share faranti ta nemi ƙari. Tela ta shiga ɗaki ta yi sujada.

Alheri ba ya ɓoyuwa. A bencin asibiti akwai wasu iyaye mata masu irin nata nauyin, ba su da yawa, sun zama kamar 'yan uwa. Ta ba su labari. Da yake kantin ya yi musu nisa, ita ke ɗauko musu katan ranar ganin likita, suna sa mata albarka.

Yanzu ma yarinyar ta ci ta ƙoshi, da hannun da ya yi ja. Ba ta kalli uwarta ba ko sau ɗaya.

Inna na zaune a tabarma tana gyaran zogalen da ba ita za ta dafa ba, don dai hannunta ya samu abin yi. Tela ta daɗe tana juya maganar kafin ta fito da ita.

"Inna, don Allah kar ki ji haushi. In na fita kasuwa, ba kya ɗan sam mata wani abu?"

Tsohuwar ta ajiye tiren.

"Ni kike tambaya, 'yar nan? Ni da nake shiga ɗaki in rufe ƙofa in ci tsokar nama kamar ɓarauniya, don kar jikata ta gani ranta ya biya? Da farko na yi gardama, ban ƙi ba. Amma tun da likita ya nuna mini yaron nan da ba a gano nasa da wuri ba, ko gyaɗa ban ƙara shigowa da ita gidan nan ba." Ta ja tiren ta ci gaba. "Kin doke ta a banza. Yarinyar da ko ƙanshin nama ya taso take toshe hanci."

* * *

Washegari da hantsi, Tela na tsakiyar ɗinkin wuyan riga, aka yi sallama. Mai Tabarau ce, ɗaya daga cikin matan bencin asibiti, goye da ɗanta ɗan shekara biyu. Ba ta taɓa zuwa gidan ba sai yau. Ta ƙi zama.

"Na rasa wanda zan gaya wa ne. Jinin yaron nan sai hawa yake. Likita ta ce ina ba shi wani abu. Me zan ba shi? Yaron da ba ya zuwa ko'ina, kullum yana bayana?"

Ƙafar Tela ta tsaya a kan keke.

"Naki ma?"

"Ke ma? To ai matar nan mai 'yan biyu ma haka. Jiya muka yi waya tana kuka, wai mijinta ya ce ita ce ba ta kula."

A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa. Yaron da ke goye ya buɗe ido ya kalli fankar da ke juyawa, bai ce komai ba.

"Ya fara cewa Mama, ya fara cewa ruwa," in ji Mai Tabarau, murya ƙasa-ƙasa. "Yanzu ya daina. Sai dai ya zauna yana jijjiga."

Tela ta shiga lissafi. Gida uku, unguwa uku, tukunya uku. Me ya haɗa su? Amsar na tsaye a gabanta, ita ce ta ƙi ɗaga ido.

Bayan ta raka baƙuwar, ta shiga kicin ta hau kujera, ta lalubi can ƙarshen kanta, bayan gwangwanayen da ba a amfani da su. Akwai ragowar leda ɗaya ta asibiti da aka ɗaure bakinta da zare aka manta. Ta ɗora tukunya biyu. A ɗaya ta zuba tsohuwar, a ɗaya ta zuba ta Yaya.

Tsohuwar ta yi fari, sannan ta yi garau har ana ganin gindin tukunya ta cikinta, ruwan ya yi kauri kamar sitacin guga. Ta Yaya kuwa ta tsaya cak, rawaya, tana tashin ƙanshin da Tela ta sani tun tana yarinya a gidan ubanta. Ta ɗauki sili ɗaya ta tauna. A tsawon watannin nan ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, don gani take kowane sili haƙƙin 'yarta ne.

Alkama ce. Taliya ce irin wadda ake sayarwa a kowane shago.

Ta kashe wuta. Ta ɗauki mayafi, ta fita ba ta ko rufe shagon ba.

* * *

Kantin cike yake da masu saye. Ta ratsa ta gefen buhunan shinkafa, ta bi siririn lungun da ke kaiwa sito. Ba wanda ya tare ta, matar ƙanin mai gida ce. Tun kafin ta isa ƙofar ta fara jin wata ƙara, ƙyas, shiru, ƙyas, da ƙaurin leda mai zafi.

Ta tura ƙofar.

Yaya na zaune a kan benci, ya naɗe hannun riga. A damansa buhu ne buɗe, cike da taliyar da ake saye da awo. A hagunsa damin ledoji masu ruwan ganye, sababbi fil, fuskar yaron nan mai murmushi ɗaruruwa a jere. A gabansa ƙaramin sikeli da injin liƙe leda. Ya ɗago, hannunsa a kan injin.

"A'a, amaryarmu. Lafiya? Ba sallama?"

Ta nuna buhun da yatsa.

Ya dubi buhun, ya dube ta. Sai ya sauke numfashi, ya kashe injin, kamar wanda aka katse wa cin abinci.

"Rufe ƙofar, mu yi magana irin ta manya."

"Yaya, 'yarka ce fa."

"Don 'yata ce ai na yi. Kin manta yadda take? Kamar sillen kara. Yanzu dubi kumatunta. Da farko ta gaskiyar nake kawowa, Allah shaida. Sai kaya suka maƙale, kuna ta waya, yara ba abinci. Na ce bari in gwada sau ɗaya. Wa ya mutu? Wa ya kwanta? Ke da bakinki kika zo kina godiya."

"Ƙwaƙwalwarta yake ci."

"Haka suka ce miki. Ciwon da ba a gani, ba a ji, sai a kwamfuta. Mutanen nan kasuwa suke da ku. Su ƙirƙiro ciwo, su ƙirƙiro abincinsa. Mu da muka tashi muna cin duk abin da muka samu, ƙwaƙwalwar wa ta lalace?"

Abin da ya fi tsorata ta shi ne ba ƙarya yake ba. Ya yarda da abin da yake faɗa, ko kuma ya faɗa wa kansa har ya yarda.

"Akwai yaron da ya daina magana," ta ce.

"Yara na jinkirin magana tun duniya na kwance."

"Zan gaya musu."

Ya miƙe a hankali, ya warware hannun rigarsa yana ɓalla maɓalli. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ki gaya musu. Amma ki tuna, ni ban san matan nan ba, ko fuskarsu ban taɓa gani ba. Wa ya tallata musu? Wa yake ɗauka ya kai musu har asibiti? In hukuma ta tashi tambaya, daga kanki za ta fara. Daga ke sai direban da ke dakon buhunan nan." Ya buɗe mata ƙofa. "Ki gaida Inna."

* * *

Kafin la'asar magana ta riga ta isa gida. Mijinta ya dawo da wuri, ya ajiye mota a ƙofar gida, ya shigo ya tsaya a tsakar ɗaki da makulli a hannu. Inna na gefe, ta haɗa kai da gwiwa. An tura 'Yar Fara maƙwabta.

"Baban 'Yar Fara, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka sani?"

"Ban sani ba."

"Kai kake ɗauko buhunan."

"Kaya iri-iri nake ɗaukowa."

"Ledojin fa?"

Ya juya makullin a yatsansa. Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa.

"Na taɓa karɓo masa wani ƙunshi a wurin masu buga takardu. Gefe ya yage, na ga kalar." Ya damƙe makullin. "Ban tambaya ba. Yayana ne. Na ce ba zai yiwu ba."

Tela ta daɗe tana kallonsa. Wannan mutumin ne ya taɓa tafiya gari uku a rana ɗaya neman madarar asibiti. Shi ne ya daina cin nama a gida gaba ɗaya don 'yarsa. Kuma shi ne yake zama kullum yana kallon yarinyar na naɗe taliyar a cokali.

Inna ta share ido da gefen zane.

"Ya yi mugun abu, Allah ya gani, ni na haife shi amma ba zan kare shi ba. Sai dai 'yar nan, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na kira shi, ya rantse ya daina daga yau. Ki ce wa matan kaya sun ƙare, kowa ya koma asibiti. Shi ke nan, an kashe wutar ba tare da an tara jama'a ba. Ki rufa mana asiri, Allah ya rufa miki."

"Inna, katan-katan ne a gidajensu. Wanda na kai musu da hannuna. Yau da daddare shi za su dafa."

"To ki ce ya lalace, su zubar."

"Likita fa? Tana can tana zargin uwaye. Wata mijinta na neman korarta. Kuma in ba a san abin da yaran suka ci ba, ta yaya za a san abin da za a yi musu?"

"In kika fita da maganar nan," in ji mijin, bai ɗago ba, "motar nan ta tafi. Gidan nan ma shi ya tsaya mana."

"Na sani."

"Kuma ke za a fara kamawa."

"Ya gaya mini."

Ta ɗauki mayafinta a kan ƙofa. Ba wanda ya riƙe ta, ba kuma wanda ya ce Allah ya kiyaye.

* * *

Gidan Mai Tabarau a saman bene yake, ɗaki biyu. Tun daga matakala Tela ta jiyo ƙanshin. Ta tarar da ita ta tace taliya tana fifita ta a ƙaramin faranti na roba, yaron na zaune a kan bargo yana kai gaba yana kai baya.

"Kar ki ba shi."

Ta faɗi komai a tsaye, ba ta rage ba, har da sunan dangantakar da ke tsakaninta da mai kantin. Mai Tabarau ta saurara har ƙarshe. Ta ajiye mafici. Ta cire tabaran ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta sake cirewa.

"Da ba ya ci," ta ce. "Ina murna ya fara ci. Har ƙari nake masa." Ta dubi farantin. "Ranar da ya ƙi, matse masa hanci na yi na ɗura."

"Ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba." Ta ɗauki yaron ta rungume, ya ci gaba da jijjiga a ƙirjinta. "Amma da hannunki kika miƙo mini. Duk lokacin da na dube ki, shi zan gani. Ki tafi, don Allah."

Tela ta sauko. Sauran gidajen ma ta je, ɗaya bayan ɗaya, kafin rana ta faɗi. A wani aka zage ta, a wani aka ba ta ruwa. Da safe ta kai wa likitar abinci ledar da ba a buɗe ba. Likitar ta karya sili ɗaya, ta dube shi, ta rufe fuska da tafin hannu.

"Ni ma na zarge ku," ta ce. "Ban taɓa cewa ku kawo in gani ba."

Likitar ta sanar da hukuma, jami'ai suka je kantin. Sun tarar da sito a share tas, ba buhu, ba inji, sai katan-katan na sabulu. Sun yi wa Tela tambayoyi na yini guda, suka sake ta. An rufe kantin na 'yan kwanaki, aka ce ana bincike. Daga nan wasu dattawa suka shiga tsakani, aka buɗe. A dangi kuwa labarin da ya zaga shi ne matar ƙani ta so ta ɗaure wan mijinta saboda hassada. Masu kawo ɗinki daga wannan ɓangaren suka ɗauke ƙafa. Motar ta bar ƙofar gidan, mijin ya koma zaman benci a bakin titi, yana dawowa ba ya magana. Mai Tabarau ta sauya ranar zuwa asibiti.

* * *

Ta asibiti ta sake yankewa, don haka Tela ta koyi yin tata. Likitar ta nuna mata: sitacin rogo da na dankali, a kwaɓa da tafasasshen ruwa da ɗan mai, a murza, a yanka siri-siri. Ranar farko ya zama kunu. Rana ta biyu ya zama roba. A hankali hannunta ya gane. Wani lokaci ta fere kabewa da karas ta zare su dogo-dogo kamar zare, ta turara, ta zuba miyar tumatir, ta ce wa yarinyar taliya ce mai kala.

'Yar Fara takan tsakura ta ture.

"Mama, ta Baffa ta ƙare ne?"

"Ta ƙare."

"Ba zai sake kawowa ba?"

"Ba zai sake ba. Ita ce take sa miki ciwo."

Yarinyar ta shiga jan layi da cokali a cikin miya. Tela ta matso ta kama hannun da ta taɓa duka.

"Ba ki ci naman nan ba, ko?"

Ta girgiza kai.

"To me ya sa kika ce kin ci?"

"Don ki daina kuka."

Jinin ya fara sauka. Ƙurajen suka bushe, warin ya tafi. Rubutun ne bai miƙe ba, kuma malamarsu ta ce karatun da ta iya a baya sai an sake mata shi daga farko. Tela ta tambayi likita ko abin zai dawo. Likitar ta ce wani zai dawo, wani kuma sai abin da lokaci ya nuna. Game da ɗan Mai Tabarau, ta ce ba ta da izinin yin magana, sannan ta kau da kai.

Wata ranar Asabar da hantsi, Tela na murza kwaɓi a faranti, ta ji ƙarar injin da ta sani ya tsaya a ƙofar gida. Ta leƙa ta taga. Motar ce, an wanke ta tana ƙyalli. Mijinta ya fito daga mazaunin direba, ya zagaya baya, ya sauko da wani abu a kafaɗa. Ya shigo da shi tsakar gida ya jingina da bango, bai yarda sun haɗa ido ba.

Keke ne na yara, sabo, ruwan hoda, an naɗe shi da leda tun daga sirdi har taya.

"Yaya ne ya ce a kawo mata," ya ce da bango. "Ya ce komai ya wuce."

Inna ta fito bakin ƙofarta, ta duba, ta koma ciki ta saki labule.

'Yar Fara ta taho da gudu ta tsaya turus. Ta zagaya keken, ta shafa sirdin. Ta sa yatsu za ta yage ledar, yatsun na ɗan karkarwa, ledar ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta ƙi. Ta waiwayo ta dubi uwarta, wadda ke tsaye a ƙofar kicin da farin sitaci har gwiwar hannu, ba ta matso ba, ba ta kuma hana ba.

Da yarinyar ta ga ba mai taimaka mata, sai ta lalubi ƙararrawar ta cikin ledar, ta danna da babban yatsa. Ƙarar ta fito a shaƙe, ko ƙofar gida ba ta kai ba.